Raunin Ƙafa Mai Yanke wa Ɗan Ƙwallo Kakar Wasa, da Mas'alar Neman Madadinsa

Duk sa'ad da labari ya bazu cewa wani shahararren ɗan ƙwallo ya ji rauni a ƙafa, kuma likitoci sun yanke hukuncin ba zai sāke taka leda ba har ƙarshen kakar wasa, sai gardama ta kaure a gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa, wasu na tambayar dalilin da 'yar tsagewar ƙashi, wadda ido ma ba ya ganinta, za ta kwantar da ƙato wata uku, wasu na zargin ɗan wasan da lafewa don ya adana ƙarfinsa saboda wasannin ƙasarsa, wasu kuwa na tuhumar shugabannin ƙungiya da rowa, tun da ga dukiya jibge amma sun ƙi fita kasuwa su sayo wani. Waɗannan zantuka, ko da yake kowannensu yana da inda ya samo asali, galibi sun ginu ne a kan rashin sanin abu biyu: yadda Allah Ya halicci ƙafar ɗan Adam, da ƙa'idojin da hukumomin ƙwallo suka gindaya game da saye da rajistar 'yan wasa. Maƙasudin wannan sharhi shi ne a warware su daki-daki, tare da kafa hujja da abubuwan da suka auku a fili, duniya ta shaida.

Ma'anar Kalmomin da Ake Amfani da Su

Kakar wasa ita ce muddar da ake ɗauka ana gasa, wadda a manyan ƙasashen Turai takan fara cikin watan Agusta ta ƙare cikin watan Mayu. Saboda haka, in an ce rauni ya yanke wa mutum kaka, abin da ake nufi shi ne lokacin jinyarsa ya zarce abin da ya rage na wasanni. Raunin da zai kwantar da ɗan wasa wata uku, in ya same shi a Satumba zai dawo kafin a yi nisa, amma in ya same shi a ƙarshen Fabrairu, to shi da fili sai baɗi.

Raunin kansa iri-iri ne, kuma cakuɗa su shi ne farkon ruɗani. Targaɗe shi ne wahalar da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa ke sha in ƙafa ta murɗe, ba tare da ƙashi ya taɓu ba. Gocewa ita ce fitar ƙashi daga mazauninsa. Tsagewa da karaya duka aibi ne a jikin ƙashin, sai dai a tsagewa bai rabu biyu ba. Akwai kuma tsinkewar agara, wato babbar jijiyar nan da ta haɗa dunduniya da tsokar ƙwauri, wadda jinyarta takan kai wata shida ko fiye. Kalmar da aka fi ji a labarai, wato metatasal, suna ne da likitoci ke kiran dogayen ƙasusuwa biyar da ke shimfiɗe a tsakiyar ƙafa, kowanne yana tafiya zuwa ga yatsa ɗaya. Ana ƙirga su daga na babban yatsa, shi ne na farko, zuwa na ƙaramin yatsa, shi ne na biyar.

Ta fuskar ciniki kuwa, kasuwar musayar 'yan wasa lokaci ne ƙayyadadde da aka halatta wa ƙungiya ta yi rajistar sabon ɗan wasa: babba tsakanin ƙarewar kaka da farkon wata, da ƙarama a tsakiyar kaka, wadda a Turai takan kama watan Janairu. Aro shi ne ƙungiya ta karɓi ɗan wasan wata na ɗan lokaci alhali yana nan mallakar masu shi. Wanda ba ya da kwantiragi, wato yarjejeniyar aiki, da kowace ƙungiya, shi ake kira maras ƙungiya, kuma yana da hukunci na dabam da za a zo kansa.

Halittar Ƙafa da Dalilin Jinkirin Warkewa

Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, tana ɗauke da ƙasusuwa 26, kuma a kansu ne nauyin jiki duka ke sauka a kowane taku. Ga ɗan ƙwallo al'amarin ya fi haka tsanani, domin da wannan ƙafa yake gudu, da ita yake cin birki, da ita yake juyawa farat ɗaya, da ita kuma yake dukan ƙwallo, alhali abin da ya raba ƙasusuwan saman ƙafarsa da ƙusoshin takalmin abokin hamayya bai wuce fata da ɗan siririn takalmi ba.

Ƙashi ba ya haɗewa sai da jini, domin jini ne ke kai masa abin da zai gina kansa da shi. To, a gindin ƙashi na biyar, wanda ke gefen waje na ƙafa, akwai wani ɗan gurbi da jini ba ya isa gare shi da yawa, kuma karayar da ta faɗa a nan takan yi jinkirin haɗewa, wani lokaci ma ta ƙi haɗewa sam. Wani likitan ƙashi na Birtaniya, Robert Jones, shi ya yi bayaninta a shekarar 1902 bayan ta same shi shi kansa, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Wannan ne ya sa likitocin 'yan wasa sukan zaɓi tiyata, su zura ƙusa ta ƙarfe cikin tsawon ƙashin don ta riƙe shi, sa'an nan a yi makonni mutum bai ɗora nauyi a ƙafar ba, sai da sanduna ko da wani takalmi mai tauri. Bayan ƙashi ya haɗe kuma, sauran aiki, gama tsokar da ta yi makonni ba ta motsa ba ta riga ta saki, sai an bi ta a hankali, daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa gudu, daga nan a koma juyi da dukan ƙwallo. Mai aikin ofis yana iya komawa bakin aikinsa da 'yar ɗingishi, amma wanda sana'arsa ita ce ya tsere wa mai tsaron baya ba ya da wannan rangwame.

Misali daga Birnin Paris

A watan Agusta na 2017 ƙungiyar Paris Saint-Germain ta Faransa ta sayi Neymar, ɗan ƙasar Brazil, daga Barcelona a kan yuro miliyan 222, kuɗin da ba a taɓa biyan irinsa a kan ɗan ƙwallo ba, kuma babban burinta shi ne ya kai ta ga kofin Zakarun Turai. Ran 25 ga Fabrairu, 2018, ana cikin wasa da Marseille a Paris, ƙafarsa ta dama ta murɗe, ya faɗi yana murƙususu, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Hoton asibiti ya nuna targaɗe a idon sawu da tsagewa a ƙashi na biyar. Kasuwar Janairu ta riga ta rufe, ga kuma wasa na biyu da Real Madrid a gasar Zakarun Turai saura kwana tara.

Da farko kocin ƙungiyar, Unai Emery, ya nuna yana da ɗan sa rai ɗan wasan zai samu bugawa, amma daga bisani aka daidaita a kan tiyata, wadda likitan ƙungiyar ƙasar Brazil, Rodrigo Lasmar, ya yi masa a birnin Belo Horizonte a farkon Maris. Angel Di Maria ne ya tsaya a gurbinsa ranar wasan, Real Madrid ta ci 2 da 1, ta fitar da su. Sai dai adalci ya wajabta a tuna cewa wasan farko, wanda aka ci su 3 da 1 a Madrid, da Neymar aka buga shi, kuma ba tare da shi ba ƙungiyar ta ƙarasa kakar ta ɗauki kofin gasar Faransa da sauran kofunan gida biyu. Shi kuwa bai sāke bugawa ba sai a watan Yuni, gab da gasar cin kofin duniya ta Rasha, kuma a Janairun 2019 wannan ƙashi dai ya sāke tsagewa a wasa da Strasbourg, aka kuma fitar da ƙungiyar daga gasar Zakarun Turai yana jinya, wannan karo a hannun Manchester United.

Musabbabin Irin Wannan Rauni

Sababi na farko shi ne taku ko duka daga abokin hamayya, kamar yadda ya faru ga David Beckham a Afrilun 2002, sa'ad da Aldo Duscher na Deportivo La Coruna ya shige shi ya karya masa ƙashi na biyu, da kuma Wayne Rooney a Afrilun 2006 a wasa da Chelsea. Na biyu shi ne murɗewar ƙafa yayin juyi ko saukowa daga tsalle. Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne gajiyar ƙashi: yawan gudu ba hutu yakan haifar da 'yan ƙananan tsagu da mutum ba ya jin su sai ɗan zogi, har ranar da ƙashin zai ba da kai ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Ran 13 ga Afrilu, 2023, a filin Old Trafford, ana wasa da Sevilla, Lisandro Martinez, mai tsaron bayan Manchester United, yana tafe da ƙwallo babu kowa a jikinsa, sai aka ga ya durƙushe ya dafe ƙafa, har sai da 'yan ƙasarsa biyu da ke buga wa Sevilla, Marcos Acuna da Gonzalo Montiel, suka ciccibe shi zuwa bakin fili. Washegari aka tabbatar ƙashin tsakiyar ƙafa ne ya karye, kuma kakarsa ta ƙare.

Masana sun yi saɓani a kan abin da ke ƙara yawan wannan rauni. Wasu sun ɗora laifin a kan takalman zamani, waɗanda aka rage musu nauyi da kauri don gudu, wasu a kan siffar ƙusoshinsu da ke kama ƙasa su hana ƙafa juyawa tare da jiki, wasu a kan taurin fili, wasu kuma a kan cunkoson wasanni, inda babban ɗan wasa kan buga sau biyu a mako tsawon watanni, ga na ƙungiya ga na ƙasa. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne waɗannan sabubba taruwa suke yi, ba a iya keɓe ɗaya a ce shi kaɗai ne.

Hanyoyin Cike Gurbi

Hanya ta farko, kuma wadda aka fi bi, ita ce a duba cikin gida. Gasar Firimiya ta Ingila tana ba kowace ƙungiya damar rajistar manyan 'yan wasa 25, ban da matasa 'yan ƙasa da shekara 21, kuma hikimar wannan adadi ita ce kowane gurbi ya kasance da mai jiran gado. Wani lokaci faɗuwar wani takan zama tashin wani: gab da gasar cin kofin duniya ta 2002, kwalbar turare ta faɗo ta fashe ta yanke wa Santiago Canizares, mai tsaron gidan Sifen, jijiya a ƙafa, sai aka miƙa ragar ga Iker Casillas, saurayi ɗan shekara 21, wanda ya riƙe ta shekaru da yawa har ya ɗaga kofin duniya a 2010.

Hanya ta biyu ita ce koci ya sauya tsari ko ya sauya wa wani gurbi. Da Martinez ya kwanta, abin da ƙungiyarsa ta rasa bai tsaya ga mai tare ƙwallo ba, ta rasa mai tsaron baya bahago wanda ke fara shirya wasa tun daga baya. Saboda haka kocinta na lokacin, Erik ten Hag, ya janyo Luke Shaw, wanda shi ma da ƙafar hagu yake wasa, daga gefe zuwa tsakiya. Sevilla ta fitar da su da ci 3 da nema a wasa na biyu, amma sun ƙare gasar Firimiya a matsayi na uku. A nan ne fa'ida mafi girma ta wannan babi take, wato abin da ake nema a cike shi ne aikin da ɗan wasa ke yi wa ƙungiya, kuma sau da yawa akan raba wannan aiki tsakanin mutum biyu ko uku.

Hanya ta uku ita ce kasuwa, in tana buɗe, ta saye ko ta aro. Haka Manchester United ta yi a ƙarshen Janairun 2020, da Marcus Rashford ya ji rauni a baya, ta karɓo aron Odion Ighalo daga Shanghai Shenhua ta ƙasar Sin, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya buga mata. Illar wannan hanya ita ce mai sayarwa ya san mai saye yana cikin matsi, sai ya tsawwala farashi, kuma ƙungiyoyi ba sa son rabuwa da gwanayensu a tsakiyar kaka.

Hanya ta huɗu ita ce ɗaukar maras ƙungiya, domin ƙa'ida ta yarda, bisa wasu sharuɗɗa, a yi masa rajista ko da kasuwa ta rufe. Da haka Barcelona ta dawo da Wojciech Szczesny daga ritaya a Oktoban 2024, bayan mai tsaron gidanta Marc-Andre ter Stegen ya ji mummunan rauni a gwiwa. Amma gwani a wannan sahu kaɗan ne, kuma wanda ya daɗe bai buga ba yana bukatar lokaci kafin jikinsa ya dawo.

Saɓanin Ra'ayi

Mas'ala ta farko da aka yi saɓani a kanta ita ce ko ya dace a buɗe wa ƙungiya ƙofar saye na gaggawa bayan kasuwa ta rufe. Ƙasar Sifen ta taɓa samun irin wannan doka ga wanda ɗan wasansa zai yi doguwar jinya, kuma da ita Barcelona ta yi amfani a Fabrairun 2020, bayan raunin cinya na Ousmane Dembele, ta biya yuro miliyan 18 da ke rubuce cikin kwantiragin Martin Braithwaite ta ɗauke shi daga Leganes, ƙaramar ƙungiya da ke fafutukar kada ta faɗi. Ita Leganes ba a ba ta izinin sayen madadi ba, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Masu goyon bayan dokar suna kafa hujja da larura, cewa rauni ba laifin kowa ba ne. Masu suka kuwa suna cewa larurar mai ƙarfi ce aka sauke a kan mai rauni, kuma sananne ne a wurin malaman fiƙihu cewa ba a gusar da cuta ta hanyar ɗora wa wani irinta. Ra'ayi na biyu ne ya rinjaya, gama daga baya an soke wannan dama.

Mas'ala ta biyu ita ce saurin dawo da majinyaci. Ƙungiya ce ke biyan albashi, ƙasa kuma tana son gwaninta a babbar gasa, shi kansa ɗan wasan yana ɗokin fili. An kai Beckham gasar cin kofin duniya ta 2002 da Rooney ta 2006 makonni kaɗan bayan karaya, kuma jama'a da dama sun ga cewa ba su kai yadda aka san su ba. Martinez ya dawo a farkon kaka ta gaba, amma kafin ƙarshen Satumban 2023 ƙafar ta sāke tashi, aka koma tiyata. Wasu likitoci suna fifita tiyata tun farko don rage hatsarin maimaituwa, wasu suna ganin a bar ƙashi ya haɗe da kansa in bai goce ba, amma dukansu sun haɗu a kan cewa gushewar zogi ba ita ce alamar warkewa ba, sai hoto ya tabbatar.

Mas'ala ta uku ita ce wa zai ɗauki asara in ɗan wasa ya ji rauni yana bauta wa ƙasarsa. Bayan doguwar jayayya, tun daga 2012 hukumar FIFA take da tsarin biyan ƙungiyoyi diyyar albashin wanda ya ji rauni a wasan ƙasa, in jinyar ta wuce kwana 28. Wannan ya rage ƙorafi ta fuskar kuɗi, amma diyya ba ta cin ƙwallo a fili.

Abin da Kan Biyo Baya

Ga ɗan wasa, bayan raɗaɗin jiki akwai na zuciya, na zama saniyar ware alhali abokai na fili, da fargabar wani ya gaje gurbin, musamman ga wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, domin darajarsa a kasuwa takan faɗi. Ga ƙungiya, nauyin da ya sauka daga kan mutum ɗaya yakan hau kan sauran, su yi ta buga wasa ba hutu har wani ma ya kwanta, ga albashin da ake biya ba aiki, ga kuɗin gasar da za a rasa in an fita da wuri. Sayen gaggawa kuma yana da nasa wahalar, domin majinyaci zai warke ya dawo, a wayi gari da mutum biyu a gurbi ɗaya da albashi biyu. Koci ne galibi ke fara ɗanɗana kuɗarsa, ko da ba shi ya jawo ba.

Akwai darasi a nan ga matasanmu masu buga ƙwallo a filayen unguwa masu tauri, sau da yawa da takalmin da bai dace ba. Maɗoran gargajiya suna da gwanintarsu da ba a musunta, amma tsagewar da ke gefen ƙafa takan yi kama da targaɗe, hannu ba ya rarrabe su, sai hoton asibiti. Wanda ya ci gaba da gudu a kanta don kada a ce ya yi raki, yana iya mai da jinyar makonni ta koma ta shekara.

Kammalawa

Abin da ya bayyana daga wannan bayani shi ne tsawon jinyar ƙafa hukunci ne na halitta, wanda dukiya ba ta gajarta shi sai kaɗan, kuma rufewar kasuwa ƙa'ida ce da aka kafa don kare masu ƙaramin ƙarfi daga masu babba. Rauni ƙaddara ce da ba a kauce mata duka, amma yarda da ƙaddara bai kore riƙo da sababi ba. Ƙungiyar da ta raina matasanta, ta ɗora dukan burinta a kan mutum ɗaya, ta hana gwanayenta hutu, ita ce ke ruɗewa ranar da aka fitar da shi a kan gado. Wadda kuwa ta tanadi mai jiran kowane gurbi tun kafin a fara kaka, ta horar da 'yan wasanta a kan tsari fiye da ɗaya, takan ji zafin rashin amma ba ta durƙushewa. Haƙƙin majinyaci a kan ƙungiyarsa da magoya bayanta shi ne a yi masa uzuri a bar shi ya warke sarai, haƙƙin wanda ya tsaya a gurbinsa kuma shi ne a auna shi da aikin da aka ɗora masa, kada a auna shi da sunan wanda ya gada.